Yagewar da ta ci dala 75,000: nazari kan kwafin Action Comics na ɗaya da aka tsinta a garun wani gida a Minnesota

A shekarar 2013 wani mai sana'ar gyaran tsofaffin gidaje ya sayi wani kango a Elbow Lake, ƙaramin gari a yammacin jihar Minnesota ta Amurka, a kan dala 10,100. An gina gidan tun 1938. Gidajen wannan yanki na katako ne, garunsu falle biyu da sarari a tsakani, kuma saboda tsananin sanyin hunturu maginan wancan zamani sukan cusa tsofaffin jaridu a sararin don su tare iska. Da ya ɓalle garun, cikin tarin jaridun sai ga wata mujallar labarin zane. A bangonta wani ƙaƙƙarfa mai jar alkyabba ya ɗaga koriyar mota yana rotsa ta a jikin dutse. Action Comics ce, fitowa ta ɗaya, wadda a cikinta Superman ya fara bayyana a duniya.

Murna ta jawo rigima. Wata daga dangin matarsa ta karɓe mujallar, shi kuma ya fizgo ta daga hannunta, bangon baya ya yage. Kamfanin CGC mai tantance irin waɗannan mujallu ya ba ta maki 1.5 cikin 10. Kamfanin gwanjo na ComicConnect da ke New York ya sayar da ita a watan Yunin 2013 a kan dala 175,000, wato ninki 17 na kuɗin gidan da ta fito daga cikinsa. Shugaban kamfanin, Stephen Fishler, ya ƙiyasta cewa ba don wannan fizga ba da ta kai wajen maki 3.0, kuma yagewar kaɗai ta zubar da kusan dala 75,000.

Mujallar ta yi shekara 75 a cikin garu ba wanda ya taɓa ta. Babbar ɓarnar da ta same ta a ranar da aka gan ta ce, a hannun mutane.

Me ya sa ko yagaggiya ta yi wannan kuɗi

Tsufa kaɗai ba ya sa mujalla tsada. Akwai mujallun zane na 1938 da 1939 masu yawa da ake samu a kan ɗaruruwan dala, wasu ma ƙasa da haka, domin ba wanda ya tuna jaruman cikinsu. Abin da masu tarawa suke bi shi ne fitowar da wani babban abu ya faru a cikinta, musamman bayyanar jarumi ta farko. Batman ya fara fitowa a Detective Comics ta 27 a 1939, Spider-Man a Amazing Fantasy ta 15 a 1962. Kowace daga cikin waɗannan ta ninka fitowar da ta riga ta sau da yawa a farashi, ko da takarda ɗaya ce, maɗaba'a ɗaya. Action Comics ta ɗaya tana saman su duka, domin daga gare ta ne salon labarin jarumi mai ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam ya samo asali. Jerry Siegel da Joe Shuster, samari biyu daga Cleveland, su suka ƙirƙiri Superman, suka sayar wa kamfanin da ke buga mujallar haƙƙinsa a kan dala 130. Labarin nasu shafi 13 ne kacal a cikin mujalla mai shafi 64.

Abu na biyu ƙaranci. An buga kusan kwafi 200,000, ana sayar da kowanne senti 10, da kwanan watan Yunin 1938 a bango. Masana suna ƙiyasta cewa kusan 100 ne suka rage, wato ɗaya cikin dubu biyu. Dalilan sanannu ne. Kayan yara ne, a karanta a ba wa aboki, a naɗe a tura aljihun wando. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi gangamin tara tsofaffin takardu a Amurka don sake sarrafa su, kuma mujallun yara na cikin abin da aka fara kwashewa. A ƙarshen shekarun 1940 wasu makarantu da ƙungiyoyin iyaye sun riƙa tara su suna ƙonawa a fili, bisa zargin suna lalata tarbiyya. Abin da ya tsira daga waɗannan, iyaye mata suka zubar ranar shara.

Wanda yake son ya ga nauyin ƙaranci sai ya dubi kishiyarsa. A 1991 fitowar X-Men ta ɗaya ta sabon jeri ta sayar da fiye da kwafi miliyan 8. A ƙarshen 1992 mutane suka yi layi don sayen Superman ta 75, wadda aka kashe jarumin a cikinta, wasu suka sayi goma-goma suka adana a leda ba su ko buɗe ba, suna jiran su yi arziki. Yau ana samun galibin waɗannan a kan 'yan daloli. Abin da kowa ya adana ba ya yin wuya. Na 1938 sun yi tsada ne domin ba wanda ya ɗauke su a bakin komai.

To idan fitowa ta haɗa muhimmanci da ƙaranci irin haka, ko mafi lalacewar kwafi yana da masu nema. Ana sayar da kwafin Action Comics ta ɗaya marar bango gaba ɗaya, har ma shafi guda da aka cire daga wani rugujajjen kwafi, a kan dubban daloli. Wannan shi ya riƙe farashin kwafin Elbow Lake bai faɗi ƙasa ba.

Yadda ake ba da maki, da inda 1.5 ya fito

An kafa CGC a shekarar 2000, hedikwatarsa a Sarasota ta jihar Florida. Kafin nan mai saye da mai sayarwa su ke jayayya a kan lafiyar kwafi, suna dogaro da littafin farashi na Overstreet da ake bugawa tun 1970. Yanzu ana aika mujalla, masu tantancewa su ƙirga shafukanta, su bincika ko an taɓa gyara ta, su ba ta maki daga 0.5 zuwa 10, sannan a rufe ta cikin akwatin roba mai gani-har-hanji da lambar rajista. Daga nan ba a sake karanta ta sai an fasa akwatin, kuma fasawa ta soke makin.

Abin da suke dubawa ƙanana ne a idon wanda bai saba ba. Suna duba naɗin tsakiya, inda fil biyu na sitafula suke riƙe da takardun: shin ya tsage, ko ya karkace saboda an riƙa naɗe bango baya lokacin karatu. Suna duba fil ɗin kansu, ko sun yi tsatsa har ta ci takarda, ko bango ya saki daga fil ɗaya ko duka biyu. Suna duba kusurwoyi huɗu, da lanƙwasar da ta karya launi ta bar farin layi, da tabon ruwa, da rubutun alƙalami, da wurin da ɓera ko ƙwaro ya gutsura. Aibi ɗaya babba yana iya zama rufin da maki ba zai wuce ba, komai kyan sauran wurare. Shi ya sa doguwar yagewa a bangon baya take jan kwafi daga 3.0 zuwa 1.5 ko da bangon gaba bai canza ba. Mutane da yawa suna zaton bangon baya ba shi da muhimmanci tunda talla ce a kansa. A wajen tantancewa bango falle ɗaya ne da aka naɗe biyu, gaba da baya hukuncinsu ɗaya.

Ban da maki, ana rubuta launin takardar ciki a kan lakabi: fara fat, fara mai ɗan sirki, ruwan madara, ruwan ƙasa, har zuwa wadda ta bushe tana ɓarɓashi. An buga waɗannan mujallu a kan takardar jarida mafi araha, wadda aka niƙa itace aka yi ba tare da an cire sinadarin lignin ba. Haske da zafi da iska suna sa wannan sinadari ya yi duhu, asid kuma yana cin zaren takardar har ta rasa laushi. Wannan na cikin dalilin da ya sa fizga ɗaya ta isa. Sabuwar takarda tana lanƙwasawa ta dawo, wadda ta shekara 75 kuwa tsagewa take yi.

Garun ya yi wa mujallar amfani ta fuska ɗaya: duhu ne, babu rana, babu hannu. Ta wata fuskar ya cuce ta, domin garun waje a Minnesota yana shan sanyi mai daskarar da ruwa da hunturu, ya sha zafi da danshi da bazara, kuma tana manne da jaridu masu asid irin nata.

Kwafi ɗaya, farashi daban-daban

Hawan farashi ba ya tafiya daidai da hawan maki. A ƙasa tazarar tana da sauƙi, a sama kowane rabin maki dukiya ne. A watan Fabrairun 2010 kwafi mai 8.0 ya zama mujallar zane ta farko da ta kai dala miliyan 1. Wata guda bayan haka mai 8.5 ya tafi a miliyan 1.5. Kwafin ɗan wasan fim Nicolas Cage, wanda aka sace daga gidansa a 2000 aka same shi a wani ɗakin ajiyar haya a California a 2011, ya samu 9.0, aka sayar da shi miliyan 2.16 a Nuwamban wannan shekara. A Agustan 2014 wani mai 9.0 ɗin, mai takarda fara fat, ya kai dala 3,207,852 a shafin gwanjo na intanet na eBay. An ce mai shi na farko ya ajiye shi shekaru da yawa a akwatin itacen sida a tsaunukan West Virginia, wuri mai sanyi da duhu. Wannan ya ninka kwafin Elbow Lake sau 18, kuma shekara ɗaya kacal ke tsakanin cinikin biyu. Labari ɗaya, zane ɗaya, senti 10 ɗaya. Wurin ajiya ne ya raba su.

Akwai kuma asali. Idan an san cewa kwafi ya fito daga tarin mutum ɗaya da ya saye shi sabo daga mai jarida ya adana shi da kyau, CGC tana rubuta sunan tarin a lakabi, masu saye kuma suna ƙara kuɗi. Mafi shahara shi ne tarin Edgar Church na Denver, da aka gano a 1977, kusan mujallu dubu ashirin da busasshiyar iskar garin ta kiyaye. A Afrilun 2024 kamfanin Heritage ya yi gwanjon Action Comics ta ɗaya daga tarin da ake kira Kansas City, mai maki 8.5, a kan dala miliyan 6. Makinsa bai kai na 2014 ba, amma shekara goma sun shige kuma yana da asali. A Nuwamban 2025 Superman ta ɗaya ta 1939, wadda wasu 'yan'uwa uku suka samu cikin kayan mahaifiyarsu a arewacin California, ta samu 9.0 ta tafi a miliyan 9.12.

Labarin tsintuwa ma yana da tasiri, kodayake ba a iya auna shi. Jaridu da gidajen talabijin sun yayata kwafin garu tun gwanjo yana gudana, kuma hakan yana jawo masu taya waɗanda ba za su leƙa ba. Kada dai wannan jerin miliyoyi ya ruɗi mutum. Na kwafin ƙoli ne na fitowa ƙalilan a duniya. Mujallun tsaka-tsaki da suka yi tashin gwauron zabo a 2021 da yawansu sun sauko sosai a shekarun da suka biyo.

Jarabar gyara

Duk wanda ya ga bangon ya yage, abin da zai fara zo masa shi ne salatif ko gam. A nan ake asara ta biyu, wadda sau da yawa ta fi ta farko. Gam ɗin salatif yana narkewa da shekaru, ya ratsa takarda ya bar tabo ruwan ƙasa mai maiƙo, kuma cire shi yana ɗebe launin bango. Laminetin kuwa kisa ne, ba a dawowa daga gare shi.

Ko gyaran ƙwararre yana da farashinsa. Lakabin CGC launi-launi ne. Shuɗi na kwafin da ba a taɓa ba. Shunayya na wanda aka gyara: an cike launi da ya goge, an liƙa guntun takarda a wurin da ya ɓace, an wanke bango da sinadari, ko an datse gefe da reza don ya yi kaifi. Kore na wanda yake da wani aibi na musamman da aka ware daga lissafin maki, misali an ɗauko bango daga wani kwafi an haɗa, ko an yanke kufon, wato guntun takardar talla, daga ciki. Rawaya na wanda aka sa wa hannu a gaban shaidar kamfani. Masu tarawa da yawa suna gudun shunayya, har kwafi gyararre mai kama da 6.0 yakan kasa kai kuɗin wanda ba a taɓa ba mai maki ƙasa da haka nesa. Datsar gefe ta fi kowanne muni a wurinsu, domin takardar da aka yanke ba ta dawowa. Ɓoye gyara yana da wuya: sabon fenti da gam suna bayyana daban a ƙarƙashin fitilar UV, tawada kuma takan ratsa zuwa bayan bango.

Misalin kufon ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana kama sababbin masu saye kullum. Incredible Hulk ta 181 ta 1974, inda Wolverine ya fara cikakkiyar fitowa, tana da wani tambarin talla a shafin ciki da yara suka riƙa yankewa suna tarawa. Daga waje kwafin lafiya lau, a ciki rami mai kusurwa huɗu. Wanda bai buɗe ya duba kowane shafi ba zai biya kuɗin cikakke ya tafi da naƙasasshe.

Abubuwa biyu ne CGC ba ta ɗauka a matsayin gyara: goge datti a bushe ba da ruwa ko sinadari ba, da danne mujalla da injin zafi don miƙar da lanƙwasar da ba ta karya launi ba. Dannewa tana iya ɗaga maki, amma a tsohuwar takarda mai rauni tana iya tsaga naɗin tsakiya ko ta sa fil ya ɓalle daga bango. Ba aikin dutsen guga na gida ba ne. A lamarin Elbow Lake, barin yagewar yadda take aka sayar shi ne daidai. Wanda ya saya yana da zaɓin ya gyara ko ya bari, kuma wannan zaɓi yana cikin abin da ya biya.

Kafin a yi murna

Yawancin waɗanda suke zaton sun tsinci Action Comics ta ɗaya sake-bugu ne a hannunsu. Mafi ruɗarwa shi ne na 1974 da kamfanin DC, mai haƙƙin Superman, ya fitar cikin jerin Famous First Edition. An kwafi komai har da tallace-tallace da farashin senti 10, aka sa masa ƙarin bango mai kauri a waje, kuma macuta sukan cire wannan bango su sayar da na ciki a matsayin na asali. Ma'auni yana tona shi: tsawonsa ya haura inci 13, na asali kuwa kusan inci 10 da rabi ne, faɗinsa bai kai inci 8 ba. Wasu sake-bugun da aka raba kyauta ko aka sayar a shekarun baya sirara ne, labarin Superman kaɗai a ciki. Na asali yana da shafi 64 ban da bango, da wasu labarai a bayan na Superman, har da na mai sihiri Zatara da na Tex Thomson.

Abin da ya kamata a yi a wannan ɗaki

Mutum ɗaya ya taɓa, sauran su duba da ido. A wanke hannu a bushe shi; safar hannu ta auduga tana rage jin yatsa, tana kuma maƙalewa a gefen takarda mai ɓarɓashi. Kada a ɗaga mujalla ta kusurwa ko ta bango. A zura kwali mai tsabta a ƙarƙashinta a ɗauke ta a kwance, a ɗora wani kwalin a sama. A ɗauki hoton gaba da baya a inda take, da hoton wurin da aka same ta, domin wannan shaida ce ta asali. Idan sai an buɗe don ƙirga shafi, a kan tebur, kada a baje ta gaba ɗaya, a tallafe bangon da tafin hannu don kada nauyinsa ya ja fil. Idan da danshi a jikinta, a bar ta ta sha iska a inuwa kafin a rufe ta, domin leda a kan danshi hunhuna take haifarwa. Kada a sa ta a rana ko a hura mata na'urar busar da gashi.

Ajiya ta gaba: jakar Mylar, wato leda mai ƙarfi da ba ta fitar da sinadari, da kwali marar asid a bayanta. A guji ledar PVC. Idan jakar tana da salatif a baki, a cire shi gaba ɗaya kafin a zura ko a zaro mujalla, domin kamawar salatif a bango na cikin haɗurran da suka fi yawa a hannun masu tarawa kansu. Ɗaki ya kasance mai duhu, zafinsa kusan digiri 18 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyos, danshin iska kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, kuma daidaito ya fi muhimmanci a kan ainihin lambar. Hawa da sauka ne ke sa takarda kumbura da motsewa har fil ya yaga ta. Ƙarƙashin rufin kwano, ɗakin ƙasa, da jikin garun waje duk ba wurin ajiya ba ne. Akwatin ƙarfe mai hana gobara ma yana da illa, domin irinsa da yawa suna riƙe danshi a ciki, fil ya yi tsatsa.

Sannan a sasanta maganar mallaka da baki kafin a kira dillali, a nemi ra'ayin kamfanonin gwanjo aƙalla biyu, kada a karɓi tayin farko na mai kanti. A tambayi la'adar mai sayarwa a rubuce, da wanda zai biya kuɗin tantancewa, wanda a manyan kwafi kaso ne na darajar mujallar, da wanda zai ɗauki inshorar jigila. Farashin da jaridu suke bugawa yakan haɗa da la'adar da mai saye ya biya a kai: a miliyan 6 na 2024, kashi 20 cikin ɗari da aka ɗora a kan kuɗin da aka buga guduma na kamfanin gwanjo ne, kuma bayan haka akwai haraji a kan abin da ya shiga hannun mai kaya.